A garin Adamu Ciroma ake raina karatun jarida?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akwai wata magana da ke maimaita kanta a zaurukan Potiskum har mun haddace ta. Yaro ko yarinya su ce suna son karanta aikin jarida, sai uba ya taɓe baki ya ce, "Surutun ma sai an je jami'a?" Kawu ya karɓe da cewa ai ɗan gidan wane ko sakandare bai gama ba, amma ga shi da shafin labarai a Facebook, masu bin sa sun fi masu sauraron rediyo yawa. Shi ke nan an yanke hukunci. A tura yaron ya cike likitanci ko injiniyanci, ko da kowa a gidan ya san da ƙyar ya haye lissafi. Ya faɗi bana, ya faɗi baɗi, daga ƙarshe ya haƙura ya bi tirela. Ba mu raina tirela, ita ta gina rabin garin nan. Takaicinmu shi ne, yaron da Allah ya ba kunne da alƙalami mun hana shi abin da zai iya, mun kuma hana garin abin da yake matuƙar buƙata.

Abin mamakin shi ne a Potiskum ake wannan raini. A nan aka haifi Malam Adamu Ciroma a 1934. Matasanmu sun san shi da gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, sun san shi da ministan kuɗi a zamanin Obasanjo. Kaɗan ne suka san cewa kafin duk wannan, abin da ya fito da sunansa a ƙasar nan kujerar edita ce. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kafin a kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma a wannan shekarar ɗan garin nan ya zama editanta, ɗan Nijeriya na farko da ya hau kujerar. A hannunsa jaridar ta shiga shekarun yaƙin basasa. A lokacin da jaridun Legas ke ba duniya labarin Arewa yadda suka ga dama, ita ce ke mayar da martani, kuma gwamnatin soja ba ta tsira daga sukar sharhinta ba. Ya rasu a watan Yulin 2018. Mun yi ta'aziyya, mun zuba yabo, sannan muka koma zaure muka ci gaba da ce wa 'ya'yanmu aikin da ya yi surutu ne.

Mun san amsar da za a ba mu, domin an sha ba mu ita. Za a ce Malam Adamu tarihi ya karanta a Ibadan, bai karanta jarida ba, Abubakar Imam kuwa malamin makaranta ne aka ɗauko, to me ya sa sai an ɓata shekara huɗu? Gaskiya ne, haka aka yi. Sai dai masu wannan hujja suna tsallake abu biyu. Lokacin da Malam Adamu ya kammala digirinsa a 1961, a shekarar ce Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen koyar da aikin jarida na farko a jami'o'in ƙasar nan, na Legas sai a 1966, na Bayero a Kano kuwa sai a 1978. Ba a tuhumar mutum don bai shiga ƙofar da ba a gina ba. Na biyun ya fi muhimmanci: mutanen nan sun shiga aikin ne da karatu mai zurfi a kansu, suka kuma tarar da gidajen jarida masu tsari, inda akwai babba da zai jan kunne, akwai mai gyara da zai dawo maka da rubutunka sau uku. Wannan makarantar ta cikin ɗakin labarai ta kusa mutuwa. New Nigerian ta durƙushe, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bi ta. Yaron da ya buɗe shafi yau ba shi da edita, ba shi da mai gyara, daga shi sai babban yatsansa. Idan bai samu horon nan a aji ba, babu inda zai same shi.

Kuma mu daina yi kamar ba mu ga abin da rashin horon ke jawo mana ba. Wa ya manta daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashe mu da waya ana cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha kafin gari ya waye? Har da masu digiri aka yi, kuma a wasu garuruwan an rasa rayuka. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ma ba a Nijeriya aka ɗauke su ba, aka ce na ranar ne, kuma binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna yadda hotunan suka rura wutar da ta ci matafiyan da ba su ji ba su gani ba. Direbobinmu nawa ne ke bin hanyar Jos kullum? A garin da Ngizim da Bolewa da Karai-Karai da Ngamo da Fulani da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, garin da ke da fadoji biyu, ta Fika da ta Pataskum, ba sai an faɗa wa mai hankali abin da jimla ɗaya mai taken "da ɗumi-ɗumi" za ta iya haddasawa kafin azahar ba. Magana zarar bunu ce tun can, balle yanzu da ake zarar ta ga mutum dubu ashirin a lokaci guda.

Wanda bai san abin da ake koyarwa a sashen ba yana zaton koyon karanta labarai ne da lanƙwasa murya. Abin da ɗalibi ke fara cin karo da shi shi ne tarihi, kuma a nan ne ma iyaye suka fi ƙorafi: me ya haɗa neman abinci da labarin jaridar da ta mutu? To bari mu ɗan tsaya a nan, don a ganinmu wannan ɓangaren ne gishirin karatun.

Ɗalibin zai ji cewa jarida ta farko a ƙasar nan ita ce Iwe Irohin, wadda wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ya fara bugawa da Yarbanci a Abeokuta a 1859. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa sai a watan Janairun 1939 ta fito a Zariya. Tazarar shekara 80 ke nan, kuma har yau muna biyan bashin wannan tazara. Zai ji cewa cikin dalilan kafa Gaskiya akwai raɗe-raɗin da ya cika Arewa a lokacin, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Wato babbar jaridarmu ta farko an haife ta ne don ta kashe jita-jita, sannan gwamnatin Turawa ce ta kafa ta don biyan buƙatarta. Duk da haka Abubakar Imam ya san yadda ya buɗe shafin wasiƙu har talaka ya samu wurin kai kukansa a kan zaluncin ma'aikatan En'e. Yadda mutum zai yi aiki a gidan mai mulki kuma ya ƙi zama maroƙinsa, wannan darasi ne da duk wanda zai nemi aiki a gidan rediyon jiha ko talabijin ta jiha yake buƙata tun ranar farko.

Zai kuma ji labarin tafiyar 1943, lokacin da aka kai editocin Afirka ta Yamma Ingila. Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot da ya kafa a Legas a 1937, ya rubuta takardar neman mulkin kai, 'yan tawagar suka sa hannu, Imam ya ƙi. Har gobe ana jayayya a kan ko daidai ya yi. Amma a wannan tafiya ɗaya ɗalibi zai ga al'adun jarida guda biyu da suka ginu a ƙasar nan: ta Legas mai fito-na-fito da hukuma, da ta Zariya da Kaduna mai gyara kayanka cikin ladabi. Kowacce tana da amfaninta da cutarta. Tamu ta kan zarce ta zama kunya, kunyar ta zama tsoro, har a wayi gari rijiyar burtsatse ta lalace shekara biyu babu wanda ya rubuta, saboda ɗan kwangilar surukin wani ne. Mun gaji al'adar sanƙira da maroƙi da mai shela, kowannensu yana da gurbinsa da mutuncinsa a fada da wajen biki. Matsalar ita ce yawancin masu kiran kansu 'yan jarida a shafukanmu aikin waɗannan ukun suke yi, ba su ma sani ba. Ɗan siyasa ya saya musu data, su wuni suna kirari, gobe a ɓata su wuni suna zambo. Wanda ya zauna a aji aka warware masa bambancin labari da ra'ayi da talla, ko ya sayar da kansa daga baya, ya san abin da ya sayar.

Sai dokoki. A 1984 gwamnatin soja ta yi Doka ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. A watan Oktoban 1986 aka kashe Dele Giwa da bam a cikin ambulan. Ɗalibi zai karanta waɗannan, sannan ya karanta sashe na 22 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ɗora wa kafafen labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Zai san akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun kwangila. Zai kuma san ɗaya gefen: dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka sha kama masu rubutu a Facebook da ita, da hukuncin ɓata suna. Matasanmu da yawa suna rubuta abin da zai kai su gidan yari ba tare da sun sani ba, sannan suna tsoron rubuta abin da doka ta ba su cikakken iko su rubuta. Idan aka kama ɗaya, mu ne dai ke tashi neman beli da haɗa kuɗin lauya.

Sauran karatun aikin hannu ne, kamar na tela ko bakanike. Yadda ake neman majiya biyu kafin a saki labari. Yadda ake kiran wanda ake zargi a ji ta bakinsa. Yadda ake gane tsohon hoto da aka sake wa taken. Yadda ake karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a gane inda aka ɓoye kura. Yadda ake yi wa matar da ta rasa ɗanta tambaya ba tare da an sake yanka ta ba, da dalilin da ya sa ba a watsa hoton gawa. A Bayero akwai gidan rediyon BUK FM, a Jami'ar Maiduguri akwai Kanem FM, ɗalibai na gwada hannunsu a can kafin a tura su sanin makamar aiki. Mu da muka tashi muna jin malamai na bin isnadi, wa ya ji daga wa, kuma shi wanen amintacce ne ko a'a, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mana rai. Daga 2012 zuwa 2015 sunan Potiskum ya zagaya duniya, kuma kowa ya san da me. Harin kasuwar shanu a farkon watan Mayun 2012. Makarantar Mamudo ranar 6 ga Yulin 2013, lokacin layukan waya a katse saboda dokar ta-ɓaci. Makarantar kimiyya ranar 10 ga Nuwamban 2014, yara suna tsaye a layin safe, fiye da 40 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Su wa suka ba da labarin? Galibi wakilai ne daga Damaturu da Maiduguri da Kano da Abuja, wasu ta waya kawai, suka tambayi wani ma'aikacin asibiti adadi, suka aika Landan da Faris. Ba mu zarge su ba, sun yi abin da za su iya a lokacin da aikin ke cin rai: an harbe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri a 2011, an harbe Enenche Akogwu na Channels a Kano a watan Janairun 2012. Amma a wurinsu 'ya'yanmu alƙaluma ne. Ko a harin kasuwa ma adadin bai zo ɗaya ba, wani ya ce talatin da wani abu, wani ya ce sun haura hamsin. A cikinmu wa zai miƙo littafi ko faifai ya ce ga sunayensu, ga unguwanninsu, ga abin da ya samu iyalansu bayan shekara goma? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, muna faɗa kullum, amma mun ƙi horar da mai waƙar.

Ba masifa kaɗai ake rubutawa ba. Kasuwar shanunmu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, duk Laraba dukiya mai yawa na sauya hannu, tireloli na lodi zuwa Kudu. Kuɗin shigar da ake karɓa a ƙofa nawa ne, ina suke tafiya? Shingaye nawa direba ke biya tsakanin nan da Legas ko Fatakwal? Me ya sa farashin gero da wake ke tashi a wata kaza ya sauka a wata kaza, wa ke cin ribar? Waɗannan labarai ne da za su cika jarida kowane mako, kuma ɗan Kano ko ɗan Abuja ba zai zo ya yi mana su ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce ba a samun kuɗi. A nan ba za mu yi wa kowa ƙarya ba. Akwai gidajen jaridar da ke riƙe albashi watanni, akwai waɗanda ke ba wakili katin shaida kawai su ce ya je ya ci da shi, kuma daga nan ne al'adar ambulan da "na mota" ta samo asali. Wannan abin kunya ne, kuma masu digiri ma suna karɓa. Amma wane fanni ne yau ke ba da tabbacin aiki? Muna da masu digirin injiniyanci suna tuƙa Keke Napep a garin nan. A ɗaya gefen kuma, Hausa ta zama jari. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Muryar Amurka an buɗe shi a 1979, na Faransa ya zo a 2007, ga na Jamus, ga Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003 ta buɗe wa gidajen rediyo masu zaman kansu hanya a Arewa, ga Aminiya, ga Arewa24. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Yobe da Borno kowacce na neman jami'in yaɗa labarai, kuma sau da yawa daga nesa ake kawo shi, ya zo yana neman tafinta. A 2020 ma hukumar jami'o'i ta NUC ta raba tsohon kwas ɗin gida bakwai, aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, fim daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, har da sadarwa don ci gaban al'umma. Duniya na faɗaɗa fannin, mu muna nan muna tambaya ko karatu ne.

Game da 'ya'ya mata kuwa, masu cewa aikin ba na 'yar mutunci ba ne su je su karanta tarihin Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano, ta yi ta New Nigerian, ta yi ta mujallar Citizen, ta kuma rasu a Mina a aikin Hajjin 2015. Akwai labaran da namiji ba zai taɓa samowa ba. Abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa, ko halin da zawarawan rikicin nan ke ciki, mace ce za ta shiga cikin gida ta zauna a tabarma a faɗa mata.

Su ma jami'o'in muna da magana da su. Kusan duk karatun da Turanci ake yin sa, sai yaro ya fito da digiri bai iya rubuta labari mai sakin layi uku da Hausa mai kyau ba, alhali da Hausa zai ci abinci. Muna jin su a rediyo suna fassara Turanci kalma bayan kalma har tsoho ya kashe akwatinsa. Shawararmu ga duk ɗanmu da ya samu gurbi ita ce ya riƙa leƙa sashen harsunan Nijeriya yana ɗaukar darasin Hausa da fassara, kuma kada ya yar da harshen gidansu. Wanda ke jin Ngizim ko Karai-Karai ko Bolanci a kan Hausa da Turanci yana da abin da ɗan ajinsu na birni ba shi da shi. Makarantun sakandarenmu kuma su daina mayar da ajin adabi juji na waɗanda aka ce ba su da ƙoƙari. Yawancin jami'o'i na neman adabin Turanci kafin su ba da gurbin karatun jarida, kuma yaranmu da dama a nan suke faɗuwa tun kafin a fara, don ba a taɓa koya musu shi da gaske ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinmu ba. Masu hali da ƙungiyoyin da ke biya wa ɗalibai kuɗin makaranta su sa karatun jarida a jerin abin da suke tallafawa, ko da gurbi biyu ne a shekara, ɗaya na mace. 'Ya'yan garin nan da ke aiki a kafafen labarai, a Damaturu ko Abuja ko waje, idan sun zo hutun salla su ba mu yini ɗaya su zauna da masu riƙe da shafukanmu, a nuna musu ko da yadda ake tantance hoto da yadda ake janye labarin da ya zama ƙarya. Ɗaliban da ke karatun yanzu kuma, idan lokacin rubuta kundin kammalawa ya zo, su bar jigogin da aka tauna aka zubar, su dawo gida da na'urar ɗaukar murya. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Iyayen yaran makarantar kimiyya da na Mamudo suna nan a unguwanninmu, wasunsu sun fara tsufa, kuma da yawansu za su yi magana idan wanda ya zo tambayar ɗan gida ne da ya san yadda ake sallama.